Mota ba baki ba ce

A Amurka, idan hukumar gari ta ci direba tara saboda ya ajiye mota inda aka hana, akan sami mai kafa hujja da gyaran farko na kundin tsarin mulkinsu, na 1791, wanda ya kare 'yancin faɗin albarkacin baki. Wai ajiye motar saƙo ne ga mahukunta, don haka tarar danne magana ce. Mu kam muna ganin wannan wulaƙanta 'yanci ne, ba kare shi ba.

Kotun Ƙolin ƙasar ta daɗe da raba gardama. A 1968 ta tabbatar da hukuncin David O'Brien, wanda ya ƙona katin kiransa aikin soja don adawa da yaƙin Biyetnam, domin dokar aiki ta hana, ba ra'ayi ba. Da masu zanga-zanga suka nemi kwana a dandalin Lafayette, gaban Fadar White House, don nuna halin marasa muhalli, a 1984 kotun ta ce dokar hana kwana a wurin ta hau kowa. Idan mai kuka domin marasa matsuguni bai tsallake doka ba, ina ga wanda ya tare ƙofar asibiti da motarsa?

Inda 'yancin yake da gaske shi ne garin Keene na jihar New Hampshire. Can wasu masu fafutuka suka riƙa zuba sulalla a na'urorin biyan kuɗin ajiye mota kafin jami'ai su iso, suna bin jami'an, suna ɗaukarsu a bidiyo, suna sukarsu. Garin ya nemi diyya, amma a 2015 kotun ƙolin jihar ta ƙi, domin magana ce kan al'amarin jama'a. A lura: waɗannan sun biya kuɗin, sannan suka yi maganarsu.

Ga iyakar da muka yarda da ita. Idan an zaɓi motar mutum saboda rubutun da ke jikinta, aka ƙyale ta maƙwabcinsa mai laifi iri ɗaya, to zalunci ne, muna tare da shi. In ba haka ba, hanya tana da haƙƙinta, kuma addininmu ya ƙidaya kawar da cuta daga hanya cikin rassan imani. 'Yancin da ake ɗaure 'yan jarida dominsa ya fi ƙarfin a mai da shi dabarar guje wa tara. Ya biya, sannan ya soki hukuma son ransa.