Ra'ayinmu: Birnin Dabo Ba Don Mota Aka Gina Shi Ba

Kamar yadda kowa ya sani, Kano gari ne na baƙi tun fil'azal. A da fatake ne ke shigo mata da raƙuma daga Agadas da Gadamas, yau kuwa ban da 'yan kasuwa har da masu yawon buɗe ido, waɗanda ke zuwa don su hau Dala, su leƙa marinar Ƙofar Mata, su shiga Gidan Makama, su kewaya Kasuwar Kurmi. A watan Disamba na 1924 ba a san UNESCO ba, amma a watan Disamba na 2024 wannan hukuma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Abin alfahari ne ƙwarai. To, amma baƙon da ya zo da mota, abin da zai fara cin karo da shi, kafin ya ga doki ko alkyabba, shi ne gosulo.

Ya kamata mu fahimci asalin matsalar tukuna. Tarihi ya nuna cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa, Muhammadu Rumfa kuma, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Kasuwar Kurmi da gidan sarautar da ake kira da sunansa. Waɗanda suka shata lungunan birni sun auna su ne da faɗin jaki da kayansa. Duk motar da ta nufi cikin birni dole ta bi ta ƙofa, ƙofofin kuwa ƙididdigaggu ne. In aka haɗa wannan da tirelolin da ke sauke kaya a Singa, da masu kasa haja a bakin titin Kantin Kwari, da 'yan adaidaita sahu da suka cika gari tun da aka hana acaɓa a watan Janairu na 2013, ba sai an yi duba ba kafin a san inda za a kwana.

Sabili da haka shawararmu ta farko ga mai tuƙi, baƙo ne ko ɗan gari, ita ce ya san lokaci. Wanda ke son ganin Dala ko marina, ya yi sammako ya gama kafin kasuwa ta cika. Daga la'asar sakaliya zuwa bayan magariba, sa'ad da 'yan kasuwa da ma'aikata ke komawa gida, kada ya kusanci Bata ko 'Yankura ko Wapa sai da larura. Ran Jumma'a kuma, daga hantsi ya ɗaga har a sauko daga masallaci, kewayen babban masallacin birni na masu salla ne.

Ta biyu, ya san hanya. Wanda ya fito daga Zariya zai wuce Wudil ba shi da abin nema a tsakiyar gari, ga hanyar da ta kewaye ta gabas ta ɓulla Hotoro. Ɗalibin da ya nufi tsohuwar jami'a ko sabuwa, ya bi titin da ya rungumi ganuwa ta waje har Kabuga, ya bar yanke ta cikin birni. Hanyar lafiya, in ji Hausawa, a bi ta da shekara.

Ta uku, ita ce mafi muhimmanci, ya san inda aikin mota ya ƙare. Mai zuwa Kurmi ya ajiye motarsa a wajen ƙofa, wurin da akwai mai gadi, ya ƙarasa da adaidaita sahu ko da ƙafa. Haka nan duk shekarar da aka yi hawa: ran idi Ƙofar Mata ta masallata ce, ran Hawan Daushe Ƙofar Kudu ta dawaki ce, ran Hawan Nassarawa kuwa hanyar Gidan Gwamnati ba ta biyuwa. Wanda ya cusa mota cikin wannan taro ya hana kansa kallo, ya kuma hana wasu.

Amma fa ba za mu ɗora wa direba nauyin duka ba. Hukuma ta yi ƙoƙari, ta kafa KAROTA a 2012, ta gina gadar sama a Ƙofar Nassarawa, da ta ƙasa a Kabuga, da ta Dangi. Sai dai gada tana kwashe cunkoso ne daga wannan mahaɗa ta zube shi a ta gaba, muddin yawan motocin na nan. Faɗaɗa titi kuma yana da tsadar da ba a biya da kuɗi, domin a 2010 an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don a buɗa wa mota hanya. In muka ci gaba da cin ganuwa saboda baƙi su sami hanyar shigowa, wata rana za su shigo su tarar babu abin da suka zo gani.

Akwai darasi a wasu garuruwa. A 1977 Ikko ta kafa dokar cewa motoci masu lambar mara su shiga wasu manyan tituna a wasu ranaku, masu lambar cika a wasu. Masu hali suka sayi mota ta biyu, gosulo ya dawo inda yake. Landan ta ɗauki wata dabara a 2003, ta sa harajin fam 5 a kan motar da ta shiga tsakiyar gari da rana, ta zuba kuɗin a harkar bas. Tsohon birnin Fas na ƙasar Maroko kuwa, wanda ya fi kama da namu, lungunansa na masu ƙafa ne da jakuna da alfadarai, motoci na tsayawa a bakin ƙofa, kuma wannan bai hana baƙi tururuwa ba.

Don haka muna kira ga gwamnatin jiha da masarauta da su tanadi filayen ajiye motoci a wajen manyan ƙofofi, su sa bas-bas masu tashi a kan lokaci, su ƙayyade wa tireloli sauke kaya da dare, sa'an nan su riƙa sanar da jama'a ta rediyo hanyoyin da za a rufe tun kafin ranar hawa. Batun ya wuce jin daɗin baƙi. Asibitin Murtala yana daf da Ƙofar Mata, mace mai naƙuda da ke cikin mota a bayan layi ba ta san wani abu wai shi haƙuri da gosulo ba.

Mu kuma ɗalibai, da yawanmu ne za su zama injiniyoyi da masu tsara birane da manyan ma'aikata. Tun yanzu ya kamata mu koyi bin layi, mu daina bin hannun da ba namu ba, mu kuma nuna wa baƙonmu inda zai sauka ya taka. Allah ya sa mu gane, ya kai kowa gida lafiya, amin.