TIYON BIRKI: A DUBA SHI KAFIN A LODA AMFANIN GONA

Ga kaka ta shigo, kowace tsohuwar a-kori-kura ta fito daga inda ta yi zaman damina. Mai ita ya sayo batir, ya canja man inji, ya like tayoyi, sai lodi. Amma da wuya a sami wanda zai durƙusa ya leƙa bayan taya ya dubi tiyon birki. Alhali kuwa a kan wannan 'yar roba, wadda tsawonta bai kai kamu ba, aka ɗora ran direba, da na yaron mota, da na masu kaya da ke zaune bisa buhuna.

Ga yadda abin ya ke. In direba ya taka birki, man birki ya kan bi bututun ƙarfe da ke maƙale a jikin mota. To, taya ba ta tsaya wuri guda, tana hawa tana sauka, ta gaba kuma tana juyawa da sitiyari, saboda haka dole a ƙarasa da tiyo mai lanƙwasuwa. Tiyon nan roba ce ciki da waje, da saƙar zare a tsakani. Zafi, da ƙura, da taɓon hanyar ƙauye su ke cinta kullum.

Lalacewar da ido ke gani ba wuya. A juya sitiyari har ƙarshe, a share tiyon da tsumma, a ɗan lanƙwasa shi. In an ga tsaga, ko danshin mai, ko wurin da taya ta goge, ko tsatsa a bakin ƙarfensa, ya gama aiki. Sa'an nan wani ya danne birki da ƙarfi, wani na kallo. Tiyon da ya kumbura kamar kumatun kwaɗo jiran ranar fashewa ya ke yi.

Mugun ciwon shi ne na ciki. Robar ciki ta kan kumbura ta matse hanya, mai ya tafi da ƙarfin ƙafa amma ya kasa komowa. Sai birki ya riƙe taya guda, mota ta riƙa ja gefe ɗaya, tayar ta yi zafi har da ƙauri. Sau da yawa a kan canja takalmin birki, a biya kuɗi, ciwon yana nan, domin ba a tuhumi tiyo ba.

Wani zai ce motarsa ta shekara talatin ba ta taɓa cin amanarsa ba. Lalle Peugeot 504 da irinta, waɗanda aka fara harhaɗa danginsu a Kaduna a 1975, sun yi wa manoma hidima. Amma ƙarfe ne ya jure, ba roba ba. Motocin da suka fi haka tsufa kuwa da yawansu hanyar mai guda ɗaya gare su, tiyo ɗaya ya fashe ƙafa huɗu sun rasa birki gaba ɗaya. Shi ya sa Amurka ta wajabta raba hanyar biyu ga sababbin motoci tun 1968. Ko mai hanya biyun, abin da zai rage mata rabin birki ne, wannan kuwa ba zai tsai da lodin dankali a gangaren Hawan Kibo ba.

Akwai ɗabi'u uku da ya kamata a bari. Ta farko naɗe tiyo mai yoyo da robar tayar keke. Ta biyu toshe hanyar ƙafa guda don a kai gida, daga nan a manta har wata shida. Ta uku, wadda ta fi muni, zuba man inji ko ruwan sabulu a madadin man birki. Man inji yana kumbura dukan robar da ya taɓa. Ruwa kuwa tafasa ya ke yi in birki ya ɗau zafi, ya zama tururi, ƙafa ta nutse har ƙasa. Kai, man birkin kansa yana shan danshin iska: mai lamba DOT 3 sabo sai zafi ya kai digiri 205 zai tafasa, amma in ya sha ruwa yana iya tafasa a 140. Don haka a ke canja shi duk shekara biyu, kuma daga sabon gwangwani.

In abu ya faru sai a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma tsagar da ta shekara tana kallon mai mota sunanta sakaci. Ɗan kasuwar da zai loda buhu talatin na masara zuwa Dawanau yana da ikon ya ce a leƙa ƙarƙashin mota kafin a ɗora, kamar yadda ya ke soka buhu ya ga abin da zai saya. Haka nan akawun da ke rubuta kuɗin gyaran motar ƙungiyar manoma, kada ya soke kuɗin tiyo don ya ga motar tana tafiya. Kuɗin nan bai taka kara ya karya ba in an gwada shi da amfanin gona guda.

Ranar canjawa, a canja hagu da dama tare, gama sa'o'in juna ne, kuma a ƙi na gwanjo ko da yana sheƙi. Tiyon kirki ya kan zo da kwanan watan da aka yi shi a jikinsa. A tsaya kan makaniki ya sa sababbin zobban jan ƙarfe inda a ke sa su, kada ya murɗe tiyon wajen ɗaurewa, kada kuma ya bar shi yana taɓa taya. Bayan haka a fitar da iska daga kowace ƙafa, yawanci a kan fara da wadda ta fi nisa da tukunyar mai, har birki ya yi tauri a ƙafa. A gwada motar ba kaya a fili, a sake leƙawa ko akwai ɗigo, kana a kira masu lodi.