Zuwa ga Ministar Yawon Buɗe Ido: A Kwashe Shingayen Hanyar Badagry

Hajiya Hannatu Musa Musawa,

Ranki ya daɗe, da Hausa na rubuto miki don kada wani tafinta ya rage wa maganar zafi kafin ta iso teburinki.

A Legas nake neman abinci, kuma duk baƙon da ya sauka wurina daga gida, Badagry nake kai shi. Garin ya cancanci a je: ga benen da 'yan mishan suka gina a 1845, wanda ake kira bene na farko a Najeriya, ga kurkukun bayi na Seriki Abass mai ɗakuna 40, ga tsibirin Gberefu inda a da ake tasa ƙeyar bayi zuwa bakin teku, tafiyar da ba dawowa. Amma kafin baƙo ya ga ko ɗaya, sai ya ga shinge.

Daga Agbara zuwa Badagry, daga nan har Seme, shinge ne bayan shinge. A gindaya ganga, a jera tsofaffin tayoyi, a shimfiɗa katako mai ƙusoshi, masu kayan sarki suna tsaye, ga wasu zaratan samari marasa kaki riƙe da gora, su ne masu miƙa hannu. Direba ya riga ya canja kuɗinsa ƙanana, ya dunƙule a tafin hannu, yana saki ɗaya bayan ɗaya. Daga aljihun wa kuɗin suke fita? Na fasinja, tun a tasha. Kana tsaye a wannan shinge kana hango na gaba. Me na gaban zai gano wanda wannan bai gani ba?

Idan kuwa aka ga doguwar riga da hula, aikin ya ƙaru. "Aboki, sauko." A zazzage jaka, a tambaye ka ƙasarku, kai da katin ɗan ƙasa yake hannunka. Wani tsoho da na kai ya ga tarihi, a bakin titi ya yini yana rantsuwa shi ɗan Najeriya ne.

Za a ce ana maganin fasa-ƙwauri. An rufe iyaka a Agustan 2019, an buɗe ta Seme a Disambar 2020, shingayen suna nan daram. A tsare iyaka a kan iyaka mana!

Na san ba ke ce ke ba masu shingen umarni ba. Amma ke lauya ce, kina zama a majalisar zartarwa da masu ba su umarnin, kuma mun ga yadda kike tallata al'adun ƙasar nan a waje, Allah ya saka. Sai dai, Hajiya, tallan me ake yi idan an tare ƙofar shago?

Sauran koke-koken a taƙaice: jirgin ƙasan da ya fara aiki a 2023 daga Marina zuwa Mile 2 a hanzarta kai shi Okokomaiko, a tilasta rigar ceto a kwale-kwalen Gberefu, a manna kuɗin shiga wuraren tarihin a bango, a samar da banɗaki da wurin alwala.

Ana gina titi mai kilomita 1,068 daga Illela zuwa Badagry. Ranar da aka gama, mutanenmu na Sakkwato da Kebbi za su kwararo, kuma wannan tarba za su tarar. Ki zo da kanki, ba jiniya, ba 'yan rakiya, ki hau danfo daga Mile 2. Kuɗin motar na ɗauka, na shinge kuma ki tanadi canji.

Naki,
Wani mazaunin Ojo, Legas