Wasan Da Ke Ƙarewa Da Wasan Da Ke Ƙarar Da Aljihu: Raddi Ga Masu Kuɗin Goro

 

Ya 'yan'uwa, mutane sun kasu kashi biyu game da wasannin bidiyo da ake yi a kan na'urori irin su PlayStation da Xbox da Nintendo Switch, kuma kowane kashi ya yi wa mas'alar kuɗin goro. Kashin farko suna cewa dukkansu shirme ne da ɓata lokaci, sai su tofar da yawu su wuce, alhali yaran gidansu suna can shagon gem na bakin layi tun daga la'asar har a kira isha'i. Kashi na biyu suna cewa ai wasa ne, wasa kuwa ba ya cutarwa, sai su miƙa wa yaro na'ura, wani lokaci har da lambar katin banki a cikinta. Dukkansu biyu sun huta da wahalar bincike, kuma wanda ya ci ribar hutunsu shi ne ɗan kasuwar da ya zauna ya nazarci zuciyar yaro fiye da yadda uban yaron ya nazarce ta.

Abin da nake son tabbatarwa shi ne cewa akwai ma'auni bayyananne da ake rarrabe waɗannan wasanni da shi, kuma bai shafi kyawun hoto ko shaharar suna ba. Wasan da ya cancanci a yi shi ne wanda aka san farashinsa tun farko, aka biya sau ɗaya, yana da mafari yana da ƙarshe. Wanda ya cancanci a guje masa shi ne wanda aka gina domin kada ya ƙare, kuma aka kafa rumfar caca a tsakiyarsa.

Mu fara da rumfar. A cikin wasan ƙwallon ƙafa na kamfanin EA, wanda aka sani da FIFA har zuwa 2023 lokacin da ya koma EA Sports FC, akwai sashe mai suna Ultimate Team. Mai wasa yana sayen maki da kuɗi na gaske, ya sayi ƙunshin katunan 'yan wasa a rufe da makin, sannan ya buɗe ya ga rabonsa. Wataƙila gwarzon da yake nema ya fito, galibi kuwa tarkace ne ke fitowa, sai ya sake saye. Da sabon wasa ya fito a shekara mai zuwa, tawagar da ya tara ba ta binsa, sai ya koma farko. Kamfanin da kansa ya bayyana cewa wannan sashe, a wasanninsa na motsa jiki, ya kawo masa dala biliyan 1.62 a shekarar kuɗi ta 2021, kaso mafi tsoka daga FIFA. Kuma EA Sports FC 24 ya fito a Turai da tambarin da ke cewa ya dace da ɗan shekara 3.

Masu kare wannan ciniki suna da hujja guda da suke ta maimaitawa: wai ba caca ba ce, tun da duk wanda ya sayi ƙunshi sai ya sami wani abu a ciki. A watan Yunin 2019 wata babbar jami'ar EA, Kerry Hopkins, ta gaya wa kwamitin majalisar dokokin Birtaniya cewa su a wurinsu wannan dabarar ba-zata ce kawai, irin ta ƙwan cakulan da ake ɓoye abin wasa a cikinsa. Duk wanda ya karanta babin ciniki a fiƙihu ya san wannan shubuha tsohuwa ce. Larabawan jahiliyya suna da cinikin tsakuwa: ka biya kuɗi, ka jefa tsakuwa a kan tarin tufafi, wanda ta faɗa a kansa shi ne naka. A nan ma mai saye ba ya tashi hannu rabbana, amma duk da haka an hana shi tare da cinikin garari a hadisin Abu Huraira da Imam Muslim ya ruwaito, saboda an karɓi kuɗi sananne a kan haja da ba a sani ba. To mene ne bambancin tsakuwar da ƙunshin katin, in ban da cewa tsakuwar ba ta da injiniyoyin da ke lissafa mata inda za ta faɗa?

Hukumomin da ba su taɓa buɗe littafin fiƙihu ba su ma sun hango abin. A watan Afrilun 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa akwatunan sa'a na FIFA 18 da Overwatch da Counter-Strike sun saɓa dokar caca ta ƙasar, kuma a Janairun 2019 EA ta daina sayar da makin a can. A Holand an ci kamfanin tara, amma babbar kotu ta soke tarar a 2022, wanda ke nuna cewa dogaro da kotunan wasu ƙasashe su tsare maka ɗanka dogaro ne da inuwar giginya. A Amurka, a Disamban 2022, kamfanin Epic mai wasan Fortnite ya amince ya biya dala miliyan 520, daga ciki miliyan 245 domin mayar wa mutanen da aka tsara musu madannai ta yadda za su yi sayayya ba da niyya ba. A Janairun 2025 masu Genshin Impact suka amince da biyan dala miliyan 20, tare da daina sayar wa 'yan ƙasa da shekara 16 akwatin sa'a sai da izinin iyaye. Duka biyun nan wasanni ne da ake tallata su da cewa kyauta ne.

Yanzu ga waɗanda nake ganin sun cancanci kuɗin mutum da lokacinsa, kuma zan faɗi aibinsu tare da alherinsu, domin mai ba da shawara amintacce ne.

Na farko a wurina shi ne Astro Bot, wanda Team Asobi na birnin Tokyo suka fitar a kan PlayStation 5 a Satumban 2024, kuma ya lashe kyautar wasan shekara a bikin The Game Awards na Disamban wannan shekarar. Ɗan ƙaramin mutum-mutumi ne yake yawo duniya-duniya yana ceto 'yan'uwansa kimanin 300 da suka warwatse. Kowane mataki gajere ne, yana zuwa da dabara sabuwa, ana gama shi a ajiye na'ura ba tare da wani ya yi maka barazanar cewa za ka yi asarar ladan yini ba. Babu jini, babu shagon da ke neman katin banki, kuma matakan da aka ƙara daga baya kyauta aka ba da su. Sai dai a cikinsa akwai wata na'urar canki-canka da ake zuba mata sulallan da aka tsinta a cikin wasa. Ba a sayen sulallan da kuɗi, don haka ba garari ba ne, amma da na so a ce ba a saba wa yaro da siffar abin ba.

The Legend of Zelda: Tears of the Kingdom, na Nintendo, ya fito a Mayun 2023, aka sayi kwafi miliyan 10 cikin kwana 3. Abin da ya ɗaukaka shi shi ne an ba mai wasa ikon haɗa katako da taya da fanka da ƙarfe ya ƙera abin da ya ga dama: gada, keke, kwale-kwale, har abin tashi sama. Kogi guda, yara uku za su ƙetare shi ta hanyoyi uku dabam, kuma wanda ya ɗaura fankarsa a karkace zai ga jirginsa yana juyi a wuri ɗaya har sai ya gano dalili. Wannan tunani ne na gaske. Aibinsa a fili yake: ƙagaggiyar duniyarsa tana da wata abar bauta mai gumaka, kuma jarumin yana tsayawa gabansu ya yi roƙo kafin a ƙara masa ƙarfi. Uban da zai kawo shi gida lalle ne ya san da wannan tun kafin ya biya, ya yanke hukunci da ilimi. Wanda bai natsu ba, Super Mario Bros. Wonder na Oktoban 2023 ya wadatar da ƙananan yara, kuma mutum huɗu na iya yinsa tare a ɗaki ɗaya.

Akwai kuma wasannin Hazelight, kamfanin da Josef Fares, haifaffen Labanon mazaunin Suwidin, ya kafa. It Takes Two na 2021 da Split Fiction na Maris 2025 ba su yiwuwa ga mutum ɗaya sam. Dole mutum biyu, wannan ya riƙe ƙofa wancan ya wuce, wannan ya yi kuskure duka su faɗi. Kwafi ɗaya ya isa, domin mai shi na iya gayyatar abokinsa ta intanet ba tare da abokin ya saya ba. Na matasa da manya ne, akwai maganganun da ba su dace da ƙananan yara ba. Abin lura shi ne EA ce ke buga su, wato kamfanin nan dai mai ƙunshin kati. Ashe sun san yadda ake sayar da haja cikakka a farashi sananne, kuma tana karɓuwa, tun da It Takes Two ya haura kwafi miliyan 20.

Wanda zan daɗe a kansa shi ne Assassin's Creed Mirage na kamfanin Ubisoft, wanda ya fito a Oktoban 2023, saboda ya shiga gonar da ɗaliban tarihin Musulunci suka sani. An gina shi a Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa, wajen shekarar 861 miladiyya, kuma an yi aiki. Mai wasa yana tafiya cikin zagayayyen birnin da Halifa Mansur ya kafa a 762, ya ratsa kasuwannin Karkh, ya shiga Baitul Hikma, ya ji kiran salla yana tashi a kan rufin gidaje. Ana iya sa shi gaba ɗaya da Larabci, da muryar ɗan wasan Jodan Eyad Nassar a bakin jarumin, kuma ɗalibin lugga zai ƙaru. An haɗa masa kundin bayanai 66 kan tattalin arziki da ilimi da mulki da rayuwar yau da kullum, da taimakon masana da gidajen adana kayan tarihi. Mutum zai haɗu da sunan Banu Musa, 'yan'uwan nan uku masana lissafi da ƙere-ƙere, da Ali bin Muhammad wanda ya jagoranci tawayen Zanj daga 869.

Amma kada wanda ya ɗauki labarin a matsayin tarihi. A wasan, an kashe Halifa Mutawakkil a wata fada a Anbar ta hannun ɓarayi matasa, alhali abin da malaman tarihi irin su Ɗabari suka kawo shi ne dakarunsa Turkawa ne suka kashe shi a fadarsa kusa da Samarra a shekara ta 247 bayan hijira, kuma Samarra ce mazaunin halifa a lokacin tun 836. Ƙungiyar makasan da aka ajiye a sansanin Alamut ƙagagga ce, domin Hasan Sabbah bai kama Alamut ba sai 1090, fiye da shekara 200 bayan haka. Ƙarshen labarin kuma yana gangarawa cikin tatsuniyar dawowar rai a wani jiki. Ga kisa da jini, shi ya sa aka yi masa tambarin shekara 18, ga ɗan shagon tufafi a gefe, ko da yake farashinsa sananne ne. Saboda haka na baligi ne mai karatu, wanda zai yi yawo a titunan birnin sannan ya koma ga littafi ya tantance. Ba wa ɗan firamare shi da sunan koyon tarihi ganganci ne.

Wani zai ce duk wannan maganar masu hali ce, yaranmu ƙwallo kawai suke bugawa a shago. Na yarda, kuma wasan ƙwallon kansa, mutum biyu gefe da gefe, minti goma a tashi, ba shi ne abin zargi ba. Ana iya yinsa shekara guda ba a leƙa Ultimate Team ba. Abin da ya kamata a sa wa ido a shagunan shi ne al'adar nan ta wanda aka ci shi zai biya kuɗin wasan, domin ƙaramar caca ce da ake koya tun ana ɗan shekara goma, kuma daga ita zuwa shagon cacar ƙwallon Turai taki kaɗan ne.

Haka nan mai saye ya tambaya ko wasan yana aiki ba tare da intanet ba. Ubisoft ta kashe The Crew a ƙarshen Maris 2024, faifan da mutane suka saya da kuɗinsu ya zama marufin tulu. Sony ta fitar da Concord a 23 ga Agustan 2024, ta rufe shi a 6 ga Satumba, mako biyu kacal, sai dai ita ta mayar da kuɗi. A ƙasar da wuta da data ke da tsada, wasan da ba ya motsi sai da izinin wata na'ura a ƙetare haya ce aka kira ta ciniki.

Game da lokaci kuwa, ko wasan kirki yana iya cinye yini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasan bidiyo cikin kundin cututtuka a 2019, kuma a Agustan 2021 ƙasar Sin ta taƙaita wa yara wasan intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Mu ba mu buƙatar jiran gwamnati, domin makullin yana cikin na'urar. A PlayStation 5 uba zai iya buɗe wa yaro asusu na dabam, ya ƙayyade masa awannin wasa da shekarun wasannin da zai iya buɗewa, kuma iyakar kuɗin da asusun yaro zai kashe a wata tana farawa ne daga sifili sai in uban ya ɗaga ta da hannunsa. Nintendo tana da manhajar waya da ke nuna abin da aka buga da tsawon lokacinsa, tana kuma iya dakatar da wasa idan wa'adi ya cika. Saita su ba ya kai rabin awa, kuma sharaɗinsa ɗaya ne: lambar sirrin ta zauna a wurin uba, kada a ba yaron ya saita wa kansa.