Kemis ne ko kantin tireda?

1/ Na shiga wani babban kemis a Haɗeja neman maganin maleriya. Wallahi sai da na wuce turare, Pampers, biskit, cajar waya da mai POS kafin na hango magani.

2/ Neman halak ne, ban ƙi ba. Amma wutar sola duk ta tafi firijin lemo. Magani na kan kanta, ko fanka babu. Kwalin ya ce kada ya wuce digiri 30, zafin Afrilu a nan yana haura 40.

3/ Damina ta zo, ambaliya, sauro, yaro na zazzaɓi. Maganin da ya sha zafin bazara za a ba shi.

4/ Haba jama'a, lemo ya fi lafiyar ɗanku? In kemis kamar gidan burodi yake, ku fita.