Gani Ya Kori Ji: Mu Bi Shari'ar Duka A Takardun Kotu

Akwai wata al'ada da ta zama mana jiki wadda ya kamata mu sake dubawa. Idan aka doki wani a unguwa har aka ji masa rauni, ranar farko kowa yakan fito, a raka shi asibiti, a cika ofishin 'yan sanda. Da zarar an ce magana ta je kotu, sai kowa ya koma harkarsa. Bayan wata biyu abin da ya rage sai "an ce": an ce an saki mutumin, an ce kuɗi sun yi aiki, an ce alƙali ya karɓi nasa. In ka tambayi mai faɗar haka lambar ƙarar, ko ranar da za a sake zama, sai ya yi shiru. Ra'ayina shi ne, duk wanda shari'ar duka ta dama, ya bi ta a zauren kotu da takardunta, domin a can take rayuwa, a can kuma take mutuwa.

Da farko mu san cewa ƙofar kotu a buɗe take. Sashe na 36 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ce a yi shari'ar laifi a bainar jama'a, ya kuma wajabta wa kotu ta riƙa rubuta abin da ya gudana a gabanta. Watau manomi ko mai sayar da ƙosai na da ikon shiga ya zauna a benci ya saurara, ba sai ya zama lauya ko ɗan'uwan mai ƙara ba. Kotu na iya fitar da jama'a a wasu shari'o'i, kamar waɗanda suka shafi yaran da ba su kai shekara 18 ba, amma wannan togaciya ce kawai. Har ila yau, dokar shaida ta 2011, a sashe na 104, ta ce jami'in da ke riƙe da takardar hukuma wadda mutum ke da ikon dubawa, ya ba shi kwafi mai hatimi idan ya nema ya kuma biya kuɗin da aka ƙayyade.

Ga misali da yawancinmu muka ji labarinsa. A watan Yulin 2019 jaridar Premium Times ta fitar da bidiyon da ya nuna Sanata Elisha Abbo, mai wakiltar Adamawa ta Arewa a lokacin, yana marin wata mata a wani kanti a Abuja. Ƙasa duka ta ɗauka, shi kansa ya fito ya nemi gafara a gaban 'yan jarida. Cikin watan nan 'yan sanda suka gurfanar da shi a kotun majistare ta Zuba, ya ce bai aikata ba, aka ba da belinsa. Daga nan hankalin jama'a ya koma wani wuri. A tsakiyar 2020 kotun ta kori ƙarar, bisa dalilin cewa masu gabatar da ƙara ba su kawo hujjar da ta isa a ce ya kāre kansa ba. Amma matar ta shigar da tata ƙarar daban ta neman haƙƙi a babbar kotun Abuja, wadda a watan Satumban 2020 ta umarce shi ya biya ta diyyar naira miliyan 50, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da wannan hukunci a 2023.

Wanda ya bi wannan magana da kunne kaɗai dole ya rikice. Wani zai ce an wanke shi, wani ya ce an ci shi tara, alhali kuwa ƙararraki biyu ne a kotuna biyu, kowace da nata ma'auni. A shari'ar laifi sai an tabbatar da laifin ba tare da wani kokwanto mai tushe ba. A ƙarar neman haƙƙi kuwa ana duba wanda hujjarsa ta fi rinjaye. Darasin da ke ciki shi ne, fushin jama'a ba ya shiga fayil. Abin da alƙali ke aiki da shi shi ne shaidun da suka tsaya a gabansa da takardun da aka miƙa masa bisa ƙa'ida. To, idan ƙarar da ƙasa duka ta gani za ta iya faɗuwa a kan hujja, ina ga ta talakan da aka karya wa hannu a bakin gona ba wanda ya ɗauki hoto?

Saboda haka ga abin da mai bin shari'a zai yi. Ya fara samun sunan kotu da lambar ƙarar daga ɗan sanda mai bincike ko mai gabatar da ƙara, domin a ofishin rajistara da lamba ake nemo fayil. Sannan ya san abin da aka rubuta a takardar tuhuma, wadda a kotunan majistare na Arewa ake kira FIR. Wannan muhimmi ne ƙwarai, domin dokar Final Kod ta bambanta rauni da mummunan rauni. Karaya, ko zubar da haƙori, ko makantar da ido, ko ciwon da ya hana mutum aikinsa har kwana 20, duk mummunan rauni ne, hukuncinsa kuma ya fi tsanani. Idan an karya wa mutum ƙafa amma takarda ta ce duka kawai, to an rage ƙarfin ƙarar tun kafin a fara. Wanda ya lura da wuri yana iya kai takardar likita ga mai gabatar da ƙara ya roƙi a gyara tuhumar.

Bayan haka ya sami ƙaramin littafi. Duk ranar zama ya duba jerin ƙararrakin da ake mannawa a allon kotu, ya shiga ya saurara, ya rubuta abubuwa uku: abin da aka yi, wanda ya nemi a ɗage da dalilinsa, da ranar da za a dawo. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015, wadda ke aiki a Abuja da kotunan tarayya, ta ce a sashe na 396 a riƙa zama kullum, in hakan bai yiwu ba kada a ɗage wa kowane ɓangare fiye da sau 5, kada kuma tsakanin zama da zama ya wuce kwanakin aiki 14. Jihohi sun yi nasu irinta, kamar Kaduna a 2017 da Kano a 2019. Kowa ya san ba kullum ake cika wannan ba. Amma mai littafi a hannu zai iya rubuta wa ma'aikatar shari'a ta jiharsa, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ya jera ranaku ɗaya bayan ɗaya. Kukan da ke da kwanan wata ya fi kukan "an ce" shiga kunne.

Littafin nan zai kuma nuna mana wani abu mai ɗaci: sau da yawa ba cin hanci ne ke kashe ƙara ba, rashin zuwa ne. Mai ƙara bai san ranar zama ba, shaida ba shi da kuɗin mota, an yi wa ɗan sanda mai bincike canjin wurin aiki. In aka yi ta kira ba kowa, alƙali na da ikon ya kori ƙarar ya sallami wanda ake tuhuma. A nan ma sai an karanta takarda, domin sallama daban, wankewa daban. Wanda aka sallama don ba a zo an gabatar da ƙara ba, ana iya sake gurfanar da shi. Wanda aka wanke bayan an saurari shari'a kuwa, tsarin mulki ya hana a sake tuhumarsa da wannan laifin, sai dai a ɗaukaka ƙara. Haka kuma beli ba saki ba ne, alkawari ne na dawowa kotu.

Na san wasu za su ce wannan wahala ce, talaka ba shi da lokacin zaman kotu. Gaskiya ne, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kamar yadda muke raba ranakun dubiya a asibiti, dangi ko zumuntar mata ko matasa suna iya raba ranakun kotu, littafi ɗaya yana zagayawa. Wasu kuma za su ce ai gara a yafe a bar wa Allah. Yafewa abu ne mai kyau, aikin zuciya ne, ba wanda zai hana. Amma ƙarar laifi ta hukuma ce, an yi ta domin kāre wanda za a doka gobe. In za a yi sulhu, a yi shi da sanin kotu, a rubuta, da yardar wanda aka ji wa rauni, ba a kira shi bayan ɗaki manya su danne shi ba.

Amma fa akwai iyaka. Tsarin mulkin da ya buɗe mana ƙofa shi ne ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar. Tuhuma zargi ce, ba hukunci ba. Kada a ɗauki takardar kotu a baza ta a Facebook ko WhatsApp da sunayen shaidu da unguwanninsu, kada a ɗauki hoto a cikin kotu, kada a je gidan alƙali ko a tsorata shaida. Duk kuɗin da aka biya na kwafi a karɓi rasit. Bin takarda yana kāre wanda ake zargi ma, domin in ƙarya aka yi masa, takardar hukunci ce za ta wanke sunansa a gaban maƙwabta.

'Yan'uwa, idan akwai ƙarar duka da ke gaban kotu wadda ta shafi wani naku, ku tambayi lambarta a makon nan, ku san ranar zama ta gaba, ku tura mutum ya zauna. Wanda aka ji wa rauni zai san ba shi kaɗai ba ne, masu gabatar da ƙara kuma za su san akwai idon da ke dubansu. Allah ya ba mu ikon tsayawa a kan gaskiya.