Hawan jini a Umarari: mu kai awo inda jama'a suke



Da wuya a samu layi a unguwar nan da babu gidan da ake jinyar wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Mutum ya yi sallar asuba da ƙafarsa, kafin azahar baki ya karkace, hannu ya daina motsi. Sai a ce iska ta buge shi, ko a ce sammu ne. Idan aka kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ko Asibitin Ƙwararru, likita ya auna, sai a ji cewa hawan jini ne da ya shekara da shekaru yana ci ba a sani ba.

Abin da ya sa ciwon nan yake da haɗari shi ne yawanci ba ya nuna alama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan rabin manyan da ke da shi ba su san suna da shi ba, kuma mutum ɗaya ne kacal cikin biyar ya shawo kan nasa. Awo ne kaɗai ke tona shi. Idan awo ya riƙa kaiwa 140/90 ko sama a ranaku daban-daban, to lokacin ganin ma'aikacin lafiya ya yi.

Mu kuwa mutanen Maiduguri mun ga abin da ya isa ya tayar da jini: shekarun rikici, gudun hijira, ga ambaliyar dam ɗin Alau ta Satumbar 2024, ga tsadar rayuwa. Sannan ga tukunyarmu. Ana shawartar babba kada gishirin da yake ci a rana ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, amma mukan zuba gishiri, mu ƙara dunƙule uku ko huɗu, mu bi da yaji mai gishiri.

Ra'ayina shi ne mu daina jiran mutane su je asibiti da kansu. Mai neman abin sawa a baki ba zai bar sana'arsa ya bi layi alhali yana jin lafiyarsa ƙalau ba. Ƙungiyarmu za ta iya sayen na'urar awo biyu ko uku daga kuɗin karo-karo, mu roƙi ma'aikatan lafiya 'yan unguwa su koya wa matasa maza da mata yadda ake awo daidai: mutum ya zauna ya huta minti biyar, hannu a ɗore, ba magana. A kafa tebur a ƙofar masallaci bayan Juma'a, mata kuma a same su a islamiyya da gidajen suna. A yi bayani da Kanuri da Hausa da Shuwa. Bulama da limamai su fara miƙa hannu, sauran za su biyo.

Wani zai ce mene ne amfanin sani idan babu kuɗin magani? Tambaya ce mai kyau. Amma ƙwaya irin amlodipine ta wata guda ba ta kama ƙafar kuɗin wankin ƙoda sau ɗaya ba. Wanda aka samu da ciwon a rubuta masa awonsa, a tura shi asibitin sha-ka-tafi, a kuma riƙa bibiyarsa. Babban kuskuren da ake yi shi ne daina shan magani da zarar an ji sauƙi. Masu juna biyu kuma kada su yi wasa da awon ciki, domin hawan jini na iya jawo jijjiga.

Ranar 17 ga Mayu ce ranar hawan jini ta duniya. Ina roƙon shugabanninmu su sa wannan batu a taro mai zuwa, domin ranar ta same mu da na'ura a hannu da sunayen masu aikin sa kai.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.